"Da na sani" a Faransanci: yadda ake gina conditionnel passé, da inda yake kayar da Bahaushe

Akwai wata jimla da duk shekara sai wani ɗalibi ya rubuto min ita a lesin ɗin Faransanci da nake yi da yamma, ba ta taɓa tsallake shekara ba wallahi: "Si j'aurais eu l'argent, j'aurais acheté la moto." Abin da yaron yake son faɗa a fili yake, da na samu kuɗi da na sayi babur ɗin. Rabin jimlar na biyu lafiya lau, ba abin da za ka taɓa, na farkon ne ya kife. Kuma na daina yi musu faɗa a kan wannan tun da daɗewa, don ni ma haka na yi ta rubutawa lokacin da nake koyo, sai daga baya na gane ba rashin karatu ba ne, Hausar da ke cikin kanmu ce take magana. Mu muna cewa "da" a gaba mu ce "da" a baya, da na samu, da na saya, kalma ɗaya sau biyu, toh hannu sai ya ɗauka Faransanci ma haka yake, aurais nan aurais can. Zan dawo kan wannan don a nan ne rigimar take, amma bari mu fara da ginin kansa.

Conditionnel passé shi ne sigar aikatau da Bafaranshe yake ɗauka in zai yi maganar abin da ya so ya faru a baya amma bai faru ba, ko abin da da zai faru da wani sharaɗi ya cika. Gidan nadama kenan, gidan zargi, gidan "ai da ka faɗa min". Bahaushe ya ce da na sani ƙeya ce, toh wannan ƙeyar ita ake jujjuyawa a nan. Ma'anar ba baƙuwa ba ce a wajenmu ko kaɗan, muna yin ta kullum a kasuwa da gida da wajen ta'aziyya, sigar ce kawai baƙuwa.

Ginin guda biyu ne ake haɗawa. Na farko mataimakin aikatau, abin da suke kira auxiliaire, ko avoir ko être, a sa shi a conditionnel présent. Na biyu participe passé na ainihin aikatau ɗin da kake so, wato wancan yankin da ka riga ka sani tun a passé composé, sigar faɗar abin da ya riga ya faru, irin su mangé, fini, vendu, pris. Shi kenan fa. In ka iya cewa j'ai mangé, na ci, toh cire ai ka sa aurais, ya koma j'aurais mangé, da na ci. In ka iya je suis parti, na tafi, cire suis ka sa serais, je serais parti, da na tafi. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai wanda passé composé ɗinsa ya zauna ya gama kashi mafi yawa na aikin, wanda kuma nasa yake rawa ya koma can ya gyara tukunna, kar ya zo yana ɗora gini a kan yashi.

Avoir ɗin haka yake tafiya: j'aurais, tu aurais, il ko elle aurait, nous aurions, vous auriez, ils ko elles auraient. Être kuma: je serais, tu serais, il serait, nous serions, vous seriez, ils seraient. Ku lura da wutsiyoyin, ais, ais, ait, ions, iez, aient, ai kun san su, na imparfait ne sak ba a canja ko harafi ɗaya ba. Kan kuma, aur da ser, na futur ne. Wato kai na gaba, wutsiya ta baya, kuma ba haka kawai ya zo ba, asalinsa tun daga Latin ɗin talakawa ne inda ake ɗaukar aikatau tsurarsa a liƙa masa "avoir" na shuɗaɗɗen lokaci a ƙarshe, da tafiya ta yi tafiya suka narke suka zama kalma ɗaya. Wannan ne ma ya sa masana nahawun Faransanci na yanzu da yawa suke lissafa conditionnel cikin lokutan indicatif, wato gidan da présent da imparfait da futur suke, maimakon su ba shi gidansa daban kamar yadda tsofaffin littattafan lakwal suka yi, amma wannan gardamar malamai ce, ba za ta ƙara maka maki ba a jarabawa.

Wani sauƙi da kunne yake samu, wanda kuma shi ne wahalar hannu: aurais, aurais, aurait, auraient duk furuci ɗaya ne, "ore". Huɗu cikin shida. Haka serais, serait, seraient. A baki ba wanda zai kama ka, ranar dikte ne asiri yake tonuwa.

Mu ɗauki aikatau ɗaya mu juya shi gaba ɗaya don ido ya gani. Finir, gamawa: j'aurais fini, tu aurais fini, elle aurait fini, nous aurions fini, vous auriez fini, ils auraient fini. Fini ɗin bai motsa ba daga farko har ƙarshe. Yanzu venir, zuwa, wanda être yake ja: je serais venu, tu serais venu, il serait venu, elle serait venue, nous serions venus, vous seriez venus, ils seraient venus, elles seraient venues. Nan kun ga wutsiya ta fara rawa, e na mace, s na jam'i, es na mata da yawa. In mace ce take rubutu a kan kanta, je serais venue za ta sa, da e. 'Yan mata a ajina sun fi mantawa da wannan a kan "je" fiye da a kan "elle", saboda a littafi kullum misalin namiji ake bugawa sai su kwafe shi yadda yake.

Su wa être yake ja? Tawagar nan ce dai da kuka haddace: aller, venir da 'ya'yansa revenir da devenir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, rester, tomber, retourner, naître, mourir, sai passer in wucewa ta wani wuri ake nufi. A ƙara da duk aikatau mai "se" a gaba, se lever, se coucher, se tromper, se marier. Je me serais levé tôt, da na tashi da wuri. Elle se serait trompée, da ta yi kuskure. Kusan duk sauran na avoir ne, har da être kansa, abin da yake ba mutane mamaki: j'aurais été, da na kasance, ba je serais été ba, wannan babu shi a duniya. Avoir ma kansa yake ja, j'aurais eu, da na samu, kuma eu ɗin nan ba "e-u" ake karantawa ba, sauti ɗaya ne, wancan u ɗin na Faransanci da ake tsuke leɓe kamar mai shirin fito.

Akwai masu fuska biyu a cikin tawagar être, sortir, monter, descendre, rentrer, retourner, passer. In kai ne ka fita, être: je serais sorti. In wani abu ka fitar, sai su sauya sheƙa su koma avoir: j'aurais sorti la moto, da na fito da babur ɗin. A nan Hausa tana taimakonmu sosai in mun lura, don mu ma muna bambanta fita da fitarwa, sauka da saukewa, hawa da hawar da kaya. Duk inda Hausarka ta ce "fitar da", "sauke", "shigar da", toh avoir ne. Elle serait descendue, da ta sauko. Elle aurait descendu les valises, da ta sauke akwatunan.

Dokar daidaita participe da avoir kuwa ita ce dai wadda ta addabi kowa tun passé composé, ba sabuwa ba ce: ba ya bin mai aikin, amma in abin da aka yi wa aikin ya riga shi zuwa a jimla sai ya bi shi. J'aurais écrit la lettre, babu komai. La lettre que j'aurais écrite, ga e ya fito, har a baki ana jin t ɗin. Je les aurais vus. Masu "se" ma suna da nasu tarkon, elle se serait lavée amma elle se serait lavé les mains, ils se seraient parlé ba s. Gaskiya Faransawa da kansu suna faɗawa wannan ramin kullum a rubutunsu na intanet, don haka in ka faɗa ba kai kaɗai ba ne, sai dai mai gyaran takardar jarabawar Bac ko ta DELF ba ruwansa da wannan uzurin.

Toh yanzu mu koma kan babur ɗin yaron nan.

Jimlar sharaɗi tana da ɗaki biyu, ɗakin "si" inda sharaɗin yake, da ɗakin sakamako. Conditionnel passé a ɗakin sakamako kawai yake kwana. Ɗakin si na plus-que-parfait ne, wato avoir ko être a imparfait sannan participe: j'avais eu, tu étais venu, il avait su. Don haka gyaran jimlar shi ne "Si j'avais eu l'argent, j'aurais acheté la moto." Da na sani da ban zo ba: si j'avais su, je ne serais pas venu. Da kin kira ni da na taimake ki: si tu m'avais appelé, je t'aurais aidée. Da ruwa ya sauka da wuri da gero ya yi kyau: s'il avait plu tôt, le mil aurait bien donné. A makarantun Faransa akwai 'yar waƙar da ake koya wa yara saboda su ma suna wannan kuskuren, "les si n'aiment pas les rais", wato su si ba sa shiri da masu ƙarewa da rais. Kenan ba mu kaɗai ba ne, ɗan Bafaranshe ma hankalinsa yana ba shi a daidaita ɓangarorin biyu, ana dukan hannunsa ne har ya bari. Bambancin kawai shi ne mu namu ya fi ƙarfi don harshenmu na gado ya halatta mana daidaitawar, "da" da "da", kuma daidai ne a Hausa ɗari bisa ɗari.

Dabarar da na ga tana aiki ita ce ka daina ɗaukar "da" biyun nan a matsayin abu ɗaya. Ka tambayi kanka wanne ne zan iya cewa "da a ce" a wurinsa? Da a ce na samu kuɗi, da na sayi babur. Na farko ya karɓa. Na biyu gwada ka ji, "da a ce na sayi babur" a matsayin sakamako, bai zauna ba. Wanda ya karɓi "da a ce" shi ne si da plus-que-parfait, wanda ya ƙi shi ne aurais ko serais. Ko an juya jimlar dokar tana nan, je serais venu si tu m'avais prévenu, ba wai na farko a layi ne yake ɗaukar plus-que-parfait ba, wanda si ya riƙe wa hannu ne.

Amma kar wani ya haddace waƙar ya je yana gyara wa mutane abin da yake daidai, don na ga an yi. Akwai wani si ɗin daban wanda ba na sharaɗi ba ne, na tambaya ne, wanda mu muke cewa "ko". Je me demande s'il serait venu, ina tunanin ko da zai zo. Wannan si ɗin yana zama da rais lafiya lau ba faɗa. Nan ma Hausa ta raba mana gardama tun kafin a fara, in fassararka ta ba ka "ko" an yarda, in ta ba ka "da a ce" an hana.

Sai wani wuri na biyu da Hausa take rufe mana ido, wanda ba a cika maganarsa ba kuma a ganina ya fi na farko wuyar kamawa. In na ce "da ina da kuɗi da na sayi mota", yaushe nake nufi? Zai iya zama yanzu da nake zaune aljihu ba komai, zai iya zama bara lokacin da aka yi gwanjon motar. Jimlar ɗaya ce, zancen da ke kewaye da ita ne yake nuna lokaci, ko mu ƙara "a lokacin" ko "yanzu". Faransanci ba ya barin wannan a buɗe, dole ka zaɓa. In yanzu ne: si j'avais de l'argent, j'achèterais une voiture, imparfait da conditionnel présent, ƙofa ba ta gama rufuwa ba. In bara ne: si j'avais eu de l'argent, j'aurais acheté une voiture, an rufe an sa kwaɗo. Ɗalibi Bahaushe yakan ga "na sayi" a Hausarsa, ya ga ai shuɗaɗɗe ne, sai ya zabga conditionnel passé a wurin da maganar yanzu ake. Kafin ka rubuta tsaya ka tambaya, damar ta wuce ko tana nan? In ta wuce ne kawai za ka ɗauko mai guda biyun.

Kuma ana gauraya su in ma'ana ta buƙata, ba haramun ba ne. Si j'avais étudié la médecine, je serais médecin aujourd'hui, da na karanci likitanci da yanzu ni likita ne. Sharaɗin a baya yake, sakamakon a yau, don haka serais ɗin shi kaɗai ya tsaya ba participe. Wani lokacin ma babu si ɗin gaba ɗaya, wata kalma ce take ɗauke da sharaɗin: sans toi, je serais tombé, ba don kai ba da na faɗi. À ta place, j'aurais refusé, da ni ne kai da na ƙi. Wannan "ba don kai ba" da "sans toi" sun yi daidai kamar an auna.

In kana son ka ji inda wannan sigar take rayuwa da gaske, ba a littafi ba, a bakin mutane, toh aikatau uku zuwa huɗu ne suke cin kasuwar: devoir, pouvoir, vouloir, sai falloir. J'aurais dû, kamata ya yi a ce na yi. J'aurais dû écouter ma mère, da na sani na ji maganar mahaifiyata. Je n'aurais pas dû, bai kamata na yi ba, kuma ana faɗarsa haka kawai a yi shiru, kowa ya gane. Juya shi kan wani ya zama zargi, tu aurais dû me le dire, ai da ka faɗa min. Pouvoir ya fi shi laushi a sama amma a ƙasa ya fi cizo, tu aurais pu m'appeler, ai ko waya ka yi min, irin maganar da uwargida take yi ba ta ɗaga murya ba amma ka san yau akwai zance. Yana kuma nuna haɗarin da aka tsallake, tu aurais pu mourir, ai da ka mutu, Allah ne ya kiyaye. Il aurait fallu partir tôt, da sammako ya kamata a yi, wannan ba ya nuna kowa da yatsa, shi ya sa ma'aikatan ofis suke son sa. A kula da hular da ke kan dû, ita ta raba shi da du na "du pain", kuma ko gyaran rubutun da aka yi a 1990 wanda ya sauke hula daga kan u da i a kalmomi da yawa bai taɓa ta wannan ba.

J'aurais voulu da j'aurais aimé su ne "na so a ce". J'aurais aimé connaître mon grand-père, na so a ce na san kakana. Amma in ka shiga kanti ko banki ka ji wani ya ce "j'aurais voulu un renseignement", ba nadama yake ba, ladabi ne ya kai maƙura, yana ja da baya ne da buƙatarsa kamar yadda mu muke cewa "dama na ce ko zan ɗan yi tambaya". Ka ga mu ma shuɗaɗɗen lokaci muke fakewa da shi in muna jin nauyi, "dama zuwa na yi", alhali ga mu a tsaye.

Akwai kuma on aurait dit, wanda nake matuƙar so saboda Hausa tana da abokinsa cif: kai ka ce, ko sai ka ce. Il courait, on aurait dit un fou, yana gudu kai ka ce mahaukaci. Har aikatau ɗin ɗaya ne, faɗa.

Wani aikin nasa kuma ba ruwansa da nadama ko sharaɗi sam, kuma duk mai sauraron labarai da Faransanci, RFI ne ko gidajen rediyon Yamai, yana jin sa kullum ko bai lura ba. Ɗan jarida zai ce "le ministre aurait démissionné". Wanda ya tsaya a darasin si zai fassara da "da minista ya yi murabus", sai ya zauna yana jiran sauran jimlar, da me? Ba sauran komai. Ma'anar ita ce wai minista ya yi murabus. "L'accident aurait fait plusieurs blessés", wai mutane da dama sun ji rauni a haɗarin, an ce, ba mu tabbatar ba. Wannan "wai" ɗin namu mai harafi uku shi ne Faransanci yake ɗauko conditionnel gaba ɗaya don ya faɗa, présent in abin yana faruwa yanzu, il serait à Maradi, wai yana Maraɗi, passé in ya riga ya faru, il serait parti hier, wai jiya ya tafi. Sau da yawa za ka ji "selon" ko "d'après" a kusa, a cewar wane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu fassara labari daga Faransanci zuwa Hausa suna watsawa a WhatsApp da Facebook, musamman labaran Nijar da Mali da Burkina Faso da Chadi da suke fara fitowa da Faransanci. Na sha ganin an ɗauki aurait an yar da shi a hanya, jita-jita ta shiga da "wai" ta fito Hausa a matsayin tabbas, mutane suna ta innalillahi a ƙasa. Wanda ya rubuta asalin ya kare kansa da harafi shida, mai fassara ya tuɓe masa rigar. In ka ga aurait ko serait da participe kuma babu si ko sharaɗi a kusa, sa "wai" ka gani, galibi shi ne.

Korewa da wakilan suna ba su da wata sabuwar doka, komai a jikin mataimakin yake taruwa. Ne da pas suna rungume shi, participe yana waje: je n'aurais pas accepté, il ne serait jamais parti, nous n'aurions rien dit. Personne ne kawai yake zuwa can bayan participe, je n'aurais vu personne. Wakilan suna suna shiga gabansa, je te l'aurais dit, da na faɗa maka shi, je ne le lui aurais pas donné, da ban ba shi ba. Tambaya a rubuce ana juyawa, aurais-tu accepté, auriez-vous pu venir. A titi kuwa ne ɗin faɗuwa yake, tu ɗin ma ya guntule, sai ka ji "t'aurais pas dû", "j'aurais jamais cru", da ban taɓa zata ba. Ka iya jin sa, ka iya faɗarsa da abokai, amma kar ka kai shi takardar jarabawa.

Harafi ɗaya kuma da yake raba duniya biyu: j'aurai fini da j'aurais fini. Na farko ba s, futur antérieur ne, zan kasance na gama, magana ce ta gaba mai tabbas, demain à midi j'aurai fini. Na biyu da s, da na gama. A ƙa'ida furucinsu ya ɗan bambanta, na farko bakin a tsuke na biyu a buɗe, amma Faransawa da yawa ba sa bambantawa a magana balle mu. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ka musanya je da il ko nous a zuciyarka. In ya ba ka il aura, nous aurons, ba s. In ya ba ka il aurait, nous aurions, sa s ɗinka.

Wannan futur antérieur ɗin ma yana da wata alaƙa da namu, in ana ba da rahoton maganar da aka yi a baya. Tela ya ce maka "j'aurai fini avant la fête", zan gama kafin salla. Bayan salla kana ba da labari, ɗinki bai samu ba, sai ka ce il avait dit qu'il aurait fini avant la fête, ya ce zai gama kafin salla. Aurait fini a nan ba "da" ba ne ba kuma "wai" ba ne, alƙawarin gaba ne da aka ja shi baya saboda mai faɗar ya faɗa tun tuni. Hausa ba ta wahalar da kanta da wannan, "zai gama" ɗin yana nan yadda tela ya faɗe shi, shi ya sa ɗalibanmu suke barin aura a wurin. Haka bayan au cas où, ko da, conditionnel ake sawa ba subjonctif, sigar fata da shakka, ba: je te laisse la clé au cas où tu aurais oublié la tienne, ga makulli ko da ka manta naka.

Wani zai ce wai duk wannan wahalar ta mece ce tunda Nijar ma a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki tare da Ingilishi. Toh ai harshen aikin shi ne wanda ake rubuta takarda da shi, kuma ɗan Najeriyan da ya je karatu Maraɗi ko Kwatano, ko ɗalibin Faransanci da aka tura ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, ko direban da ke shiga Kamaru da Chadi da kaya, ranar da aka ce masa "vous auriez dû déclarer ça" a bakin iyaka gara ya gane cewa ba shawara ake ba shi ba, an riga an kama shi da laifi ne.

Saura abu ɗaya da za ku ci karo da shi in kuna buɗe tsofaffin littattafan juya aikatau irin su Bescherelle, wani layi da aka rubuta wa "conditionnel passé deuxième forme": j'eusse aimé, il eût fini, il fût venu, nous eussions voulu. Kar ya tsorata ku. Sigarsa ɗaya ce da plus-que-parfait na subjonctif, ma'anarsa kuma daidai da j'aurais aimé, il aurait fini, il serait venu, Faransancin adabi ne na manyan marubutan da, kuma shi an yarda ya zauna har a ɗakin si, s'il eût su, il fût venu, wato "da" da "da" irin namu sak, abin da aka hana mu yi da aurais. Ba wanda zai nemi ka yi magana da shi, in ka gwada a tasha ma dariya za a yi maka. Ka dai gane shi in ka gani a littafi. Akwai wanda ya tsira ya shigo bakin mutane har yau, "qui l'eût cru", wa zai zata, kuma mafi yawan masu faɗarsa ba su ma san sunan sigar da suke amfani da ita ba.